Babu Jar Ƙasa a Taya

Sabuwar Tungar Magaji,
Ƙaramar Hukumar Ngaski,
Jihar Kebbi.
14 ga Satumba, 1993.

Zuwa ga ƙanena Surajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Asma'u da Inna ƙarama, wadda ka ce ta fara rarrafe tana jawo muku kwanoni. Allah Ya raya ta, Ya sa ta gaji mai sunan. Allah Ya tsare ka a wurin aikinka, Ya kare ku daga zazzaɓin Fatakwal da ruwanta marar ɗaukewa. Ka yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da sawun kaji. Ka saba ganin hannun ɗiyata Ramatu, amma yau ni na riƙe alƙalamin da kaina, da ɗan abin da na samo a ajin yaƙi da jahilci, domin akwai maganar da ba na son ta bi ta bakin kowa kafin ta kai gare ka.

Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, shinkafar fadama ma ba laifi. Kifi ne dai ya ja baya, saboda wannan baƙuwar kainuwa da ta cika tafki tana naɗe wa masunta koma. Mai ɗakina Lubabatu tana nan tana fama da ni da shan magani. Ramatu ta shiga aji na gaba, ƙanwarta Hafsat kuwa ta haddace izu biyu, gidan ba a jin kunne. Yayarmu Delu ƙafarta ta matsa mata, ba ta wuce ƙofar zaure, amma bakin yana nan daram. Ka tambayi ko sabuwar jiha ta canja mana wani abu. Shekara biyu ke nan, an canja allon makaranta da lambar mota, hanyarmu zuwa Wara kuwa tana nan yadda ka bar ta.

Takardarka ta iso ta hannun direban motar kifi, na kuma karanta ta ya fi sau biyar. Abu biyu ka tambaya. Ka ce kai ma ka sayi keke irin wanda ka aiko mini, kana so in koya maka hawan daji, domin ka samu alkawarin hutu a watan Agustan baɗi, lokacin da tafki ke janyewa, ka zo in kai ka kabarin Inna a Tsohuwar Tunga. Sannan ka tambaya yadda ziyarar bana ta kasance da sabon keke. Zan fara da mai sauƙin, kamar yadda matsoraci kan yi.

Da farko, wannan rufin ƙarfe da ke saman taya, madigadi, ka kwance shi ka ajiye. Na san a birni yana tsare maka wando, amma lakar bakin tafkinmu ba ruwan titi ba ce. Danƙo gare ta, tana cushewa tsakanin taya da ƙarfen har wili ya tsaya cak, ka zauna a rana kana ƙwaƙula da tsinke kamar mai sakace. Na wanda ka aiko, ranar da ya iso na cire shi, Lubabatu tana ta faɗa wai na tuɓe wa kyauta riga tun mai ita bai gan ni a kai ba. Sai iska. Ku mutanen kwalta kuna buga famfo har taya ta koma dutse, mu nan ragewa muke yi. Ka danna da babban yatsa, in ta ɗan lotsa, ta yi. Kada kuma ka rage da yawa, don inda shanun Fulani suka bi laka ta bushe, bakin sawun kaifi gare shi, yana cizon tif wuri biyu. Hanyar tudu kafin a gangara cike take da tsidau, saboda haka faci da sholisho da famfo ba sa rabuwa da aljihunka. In ka yi faci, ka bi cikin tayar da yatsa kafin ka mayar, in ba haka ba ƙayar tana nan tana jiran ka.

In ka shiga rairayi, kada ka yi kokawa da kan keke. Ka sassauta hannu, ka ja mazauninka baya a kan sirdi, ka bar shi ya ɗan yi layinsa, kai dai kada ƙafarka ta daina juyawa. Birkin gaba kuwa ka manta da shi, shi ya taɓa kifa ni a gaban matan da ke shanyar kifi, har yau in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar haɓata. Ita laka karanta ta ake yi tun daga nesa. Wadda ta yi fari-fari ta tsattsage manya-manya tana ɗaukar mutum da kekensa. Wadda ta yi sumul tana ƙyalli, ka ga sawun belbela ma ya nutse, ɓawo ne kawai a sama, ƙasanta kunu. Shekarar da aka haifi Ramatu na raina irin wannan laka, na nutse har cinya, wani makiyayi ya jawo ni da sandarsa, takalmina ɗaya yana can har gobe.

Abin da ya fi duka, ka koyi saɓa keke. Babu abin kunya a ciki. Ya ɗauke ka mil uku, ka ɗauke shi taku arba'in, ai ba a zalunce ka ba. Kada ka jira sai ya kafe. Tun yana tafiya za ka wurgo ƙafarka ta baya ka dira, ka zura hannun dama ƙarƙashin sandar tsakiya, ka ɗora a kafaɗa, ka riƙe kansa kada ya juya ya doke ka a baki. Ka naɗe sandar da tsumma, in ba haka ba kwana uku ba za ka ɗaga hannu ba. Taku gajeru, ido a gaba. Tun da ku can ruwa ba ya yankewa, ka nemi filin caɓi ka riƙa gwadawa, ko da maƙwabta za su ce Bahaushen nan ya taɓu. In ka dawo ka wanke sarƙa kafin laka ta bushe, ka shafa mata mai.

To, Surajo, na gama ɓuya a bayan shawara. Kana da shekara huɗu Inna ta rasu, bayan shekara biyu ruwan dam ya ci garin, Kawu ya tafi da kai Sakkwato. Duk zuwan da ka yi tun daga nan tafki a cike yake, don haka ba ka san yadda wurin ya koma ba, ni ma ban taɓa zama na bayyana maka ba. Tafkin nan juyayye ne. Lokacin da ruwan sama ke sauka, shi lokacin yake janyewa, kuma inda maƙabartar take ba ya buɗewa sai kwana tara ko goma a shekara, kafin farin ruwa ya gangaro daga sama ya sake rufewa. Shekarun farko ana ganin gindin katangu, kowa ya san gidansa. Daga baya katangun suka narke, bishiyoyi suka faɗi, wuri ya zama fili ɗaya shimfiɗe, baƙar laka iya ganinka. Na kafa turke sau uku, komar masunta ta tumɓuke. Sai na ɗauko dutsen niƙan Inna, wanda muka taso da shi, na kai na ɗora a wajen kanta. Kowace shekara laka tana rufe shi da kamar taƙi guda, ni kuma in je in caka rodi har in ji ƙararsa, in tono shi, in cika ramin, in mayar da shi sama, in yi mata addu'a in dawo.

Yadda nake gane wurin shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ba don rowa ba, don ban ɗauke shi wani ilimi ba. Da ƙafata nake ƙirgawa. Akwai kututturen kirya a bakin tsohuwar hanyar mashaya. Daga nan nake hawa baƙin kekena, in saita goshina da tsaunin da ke ƙetare, in ƙirga juyin feda ɗari shida da arba'in. Sai in karya dama, juyi ɗari biyu da goma sha biyar, in iske tsohon rafi. Nan in saɓa keke in ƙetare, taku arba'in, in sake hawa, juyi casa'in. In na sauka, ko ban dira a kan dutsen ba, bai wuce in caka rodi sau goma in same shi ba. Shekara ashirin da biyu ina haka, ban taɓa kuskurewa ba, har na fara jin kaina wani gwani. Sabo turken wawa.

Da kekenka ya iso a watan Maris, na yi murnar da ban taɓa yi ba. Taya mai kauri, nauyi kamar na kaza, ga giya biyar, irin ta halas. Na zagaya garin da shi har yara suka gaji da bin ni. Sai na dubi tsohon, na ce ya yi aikinsa, bai kamata ya ruɓe a zaure ba, na ba maƙwabcinmu Muhammadu da ke kai kifi kasuwar Wara da ƙafa. Ya yi ta godiya, ni ma na ji daɗin raina. Ko sau ɗaya bai zo mini a zuciya ba cewa ba keke kaɗai na ba shi ba.

Ruwa ya buɗe ranar sha bakwai ga Agusta. Na fita da hantsi, na yi duk abin da na lissafa maka a sama, ban bar ko ɗaya ba. Na zaɓi giyar da na ji nauyinta ya yi kusa da na tsohon, na hau daga kututture ina ƙirgawa. Da na karya dama na cika ɗari biyu da sha biyar, babu rafi. Na ce ko laka ta cike shi. Na yi gaba na same shi can nesa, na ƙetare, na cika casa'in, na caka rodi har la'asar, ba abin da na ji sai taushi. Kashegari na canja giya, wannan karon na faɗa rafin tun ban kai ɗari da hamsin ba. Rana ta uku na lura sarƙar ma tana tsallakawa da kanta in laka ta shige ta. Sai a rana ta huɗu, ina zaune a kan kututturen ina kallon ƙafafuna, abin ya faɗo mini. Juyin feda ba taku ba ne. Tsawonsa yana ga haƙoran farantin da sarƙa ke bi, da girman wilin baya. In kowane juyi ya ƙaru da taƙi ɗaya, to a juyi kusan dubu ka bar garin gaba ɗaya. Ni ban san hanyar Inna ba, ɗan'uwana. Tsohon keken ne ya san ta.

Na bar naka a nan na ruga gidan Muhammadu kamar mahaukaci. Na iske keken jingine, an yi masa fenti, zuciyata ta ɗan kwanta, sai na duba baya na ga sabon wili yana ƙyalli. Ya ce mini cikin fara'a ai ya gyara shi tsaf, wai tsohon wilin baya ma ba na keken ba ne, ƙarami ne, kuma ɗan farantin haƙoran nan da masu gyara ke ce wa firiwil duk ya cinye, har babban na gaba ya canja. Gaskiyarsa. Marigayi Cindo mai gyaran keke ne ya harhaɗa mini su tun shekarar da na saye shi, daga gawar kekuna daban-daban, ni kuma ban taɓa ƙirga haƙoran ba, wa ke ƙirga haƙoran abin da ke yi masa aiki? Na tambayi ina tsofaffin. Ya ce ya bar wa maƙeri a Wara. Kashegari da safe ina bakin maƙera. Maƙerin ya ce wilin wani mai amalanke ya ɗauka bai san daga ina yake ba, farantan kuwa ƙarfe ne mai kyau, tuni ya ƙera kan mashin kifi da su. Ya ciro guda ɗaya ya nuna mini, yana jiran in yaba.

Sauran kwana huɗun na yi su a filin da rodi a hannu. Na ari kekuna uku na gwada, kowanne ya kai ni wuri dabam. Na bi rafin da ƙafa ina caka ta ko'ina, na tono tukunyar wani, na tono ƙashin saniya, na tono duwatsu biyu waɗanda ba nata ba. Nata yana da lotsawa a tsakiya inda hannunta ya cinye, ko a mafarki na taɓa shi zan gane. Ranar ashirin da biyar ga wata ruwa ya fara shigowa ta rafin, fari kamar farau-farau. Na tsaya har ya kai mini gwiwa, sannan na saɓa kekenka na juyo, ina tafe ina kuka kamar yaron da aka bari a kasuwa. Ban ji kunyar faɗa maka ba, na yi kuka. Baɗi laka za ta zama ta shekara biyu a kan dutsen, wata shekarar ta uku. Masu gawayi sun fara saran kututturen, bana iya gwiwa ya rage. Gwiwata ta hagu kuma tun ranar a kumbure take, mai ɗori ya ce in rage hawa. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga ta inda zan ɓullo ba.

Ka san al'adar Yaya Delu. Duk shekara in na dawo tana zaune a ƙofar zaure, ta tambaye ni ko na iske Inna lafiya, in ce lafiya lau, ta shafa addu'a. Bana kullum na dawo sai in ce mata laka ta yi yawa, sai gobe. Ranar ƙarshe na ce ruwa ya riga ni. Ranar Juma'ar da ta biyo ta kira ni ɗakinta, ta sa aka fitar da yara. Ta ce maƙabartar tunga a kan jar ƙasa take, kuma shekara ashirin da biyu tana ganin jan nan a tayata da dugadugaina in na tono dutsen, bana kuwa kwana tara tana duba, baƙar laka kaɗai take gani. Ta ce ba tambayata take yi ba, kuma kada in faɗa, ba ta son ji da kunnenta. Sannan ta yi maganarka. Ta ce yaron nan bai san fuskar uwarsa ba, wurin nan kaɗai ya rage masa, shi ya sa ya tsuke bakin aljihunsa ya sayi kekuna biyu. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce in ka zo baɗi, in riga ka zuwa da kwana ɗaya, in binne kowane dutse a kowane wuri, in kai ka in caka rodi ka ji ƙara, ka yi addu'arka ka koma da sanyin zuciya. Ta ce Allah Ya san inda baiwarSa take, addu'a ba ta ɓatan hanya.

Mako biyu da rabi ina ɗauke da wannan magana, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na yarda da ita da farko. Har dutsen na samu, tsohon maniƙin surukata, na ɓoye shi a bayan rumbu. Ban taɓa saɓa wa Yaya ba, ita ta goya ka, ita ta riƙe mu. Amma duk lokacin da na hango ka durƙushe kana kuka a kan lakar da ba kowa a ƙarƙashinta, ni ina tsaye a bayanka ina cewa amin, sai in ga ba zan iya ba. Gobe kuma ka kawo ɗiyarka ka nuna mata, ita ma ta nuna wa nata. Na riga na ɓatar da Inna sau ɗaya da rashin sani, ba zan ɓatar da ita na biyu da gangan ba. Jiya na mayar da maniƙin inda na ɗauko shi, yau na zauna rubutu.

Kada ka ɗora wa kanka komai. Kyautarka alheri ce, wautar tawa ce, ni da na riƙe amanar mutum uku a ƙafar keke ban taɓa auna ta da igiya ba. Da na sani ƙeya ce. Lambobin ga su nan a sama na rubuta maka, karo na farko da suka hau takarda, yanzu da ba sa kai kowa ko'ina. In har yanzu kana son zuwa, ka zo, ɗakinka yana nan. Ka sa a yanko maka rodi mai tsawon gaba biyu, mu caka tare iya kwanakin da ruwa ya ba mu. Amma ka zo da sanin cewa ban yi maka alkawari ba, kuma zuciyata ba ta ba ni za mu same ta ba. In kuma ka ga ka fasa, ko ka ga ba ka son rubuto mini na wani lokaci, ba zan ga laifinka ba. Ka yafe mini, Surajo.

In za ka ba da amsa, ka aiko ta hannun direban nan ka ce a damƙa mini hannu da hannu, domin duk wadda ta biyo gidan waya Ramatu ce ke karanta wa Yaya, ni kuma ban samu ƙarfin gaya mata na saɓa ba tukuna. Lubabatu tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Asma'u busasshen kifinta da daddawa suna tafe. Ramatu da Hafsat suna gaida Baba ƙarami. Muhammadu ma yana gaisuwa, bai san komai ba, kuma ba zai sani ba. Yaya Delu kullum kana cikin addu'arta. Ka gaida surukanmu in ka rubuta musu, da mutanenmu na Yauri da ke nan tare da kai. Ka shafa mini kan Inna ƙarama, ka riƙe ta da kyau, don yau ita kaɗai ce Innar da muka san inda take.

Wassalam.

Ni ne yayanka,
Tanko.